A Zaure Yaranmu Ke Ɓacewa: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Kwalejojin Al'umma na New York

Zuwa ga shugabannin kwalejojin al'umma na birnin New York da kewaye, tare da masu riƙe da ofisoshin ɗaukar ɗalibai, da na rajista, da na tallafin karatu.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Bronx, haifaffiyar Zariya, kuma ɗaya daga cikin kwalejojinku ce ta yaye ni. Na shiga aji ina da shekara 38 da 'ya'ya uku, bayan na daɗe ina kitso a Harlem da rana, da dare kuma ina kwana gidajen tsofaffi ina kula da su. Abin da nake ci a yau, bayan ikon Allah, ta hannun malamanku ya zo mini, kuma ban manta ba. Da wannan zuciyar nake rubuto muku, da yawun iyaye masu jin Hausa da ke zaune a Bronx da Harlem: 'yan Najeriya, da 'yan Nijar, da 'yan zangon Ghana da na Togo. Direbobin tasi ne, da masu kai abinci a keke, da masu kitso, da masu kula da marasa lafiya a gida. Na rubuta da Hausa ne domin su karanta ko a karanta musu, su shaida ban ƙara ba ban rage ba. Ta Turanci za ta iso teburinku ta hannun 'ya'yanmu.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kowace Lahadi, in an tashi daga Islamiyya, mu huɗu muke zama a ɗakin ƙasa na masallacinmu da kwamfuta biyu, muna taya matasa cike takardun neman makaranta. A bana mun taya yara 11. Dukansu sun sami saƙon taya murna, wasu iyayen har sadaka suka raba. Ranar da aka buɗe aji a ƙarshen Agusta, 6 ne suka zauna a kujera. Sauran 5 babu wanda ya faɗi jarrabawa, babu wanda ya ce ya fasa karatu. Tsakanin takardar da ta ce an ɗauke su da ƙofar aji suka salwanta, ɗaya bayan ɗaya, kuma a cikinsu babu wanda aka buga wa waya aka tambaye shi me ya faru.

A gidan Bahaushe baƙo ba ya kutsa kai. A zaure yake tsayawa ya yi sallama, wani ya fito ya amsa, ya shimfiɗa tabarma, ya kawo ruwa, sannan ya yi masa iso. In aka bar ƙofa a buɗe amma babu mai amsa sallama, baƙo zai yi ta tsayuwa har ya gaji ya juya, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗi dalili ba. Ƙofarku a buɗe take, wannan mun shaida. Tun 1970 jami'ar birnin nan, CUNY, ta buɗe ƙofar kwalejojinta na al'umma ga duk wanda ya gama sakandare. A 2022 ta kawo ƙarshen tsofaffin azuzuwan share fage waɗanda ɗalibi zai biya kuɗi ya shekara a ciki ba tare da an ƙirga masa kiredit, wato makin darasi da ake tarawa har a kai ga digiri, ko ɗaya ba. A 2022 ɗin ce kuma jihar New York ta hana makarantu riƙe takardar sakamakon ɗalibi saboda bashi. Daga 2025 kuma masu shekara 25 zuwa 55 da ba su da digiri za su iya karanta fannoni irin su jinya da koyarwa da fasaha kyauta. Duk wannan alheri ne, mun gode. Mun kuma san kuna neman ɗalibai ido rufe, tunda a kakar 2020 yawan masu shiga kwalejojin al'umma a faɗin Amurka ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100, ga tallanku nan muna gani a jirgin ƙasa da jikin bas. Amma wanda talla ta kawo, zaure yake tararwa babu kowa.

Kukanmu na farko shi ne yadda aka warwatsa matakan shiga. Yaro ya cike fom, ya biya kuɗin fom, ya zaci ya gama. Ashe yanzu ya fara. Akwai amsa tayin, akwai kuɗin kama guri, akwai buɗe shafin ɗalibi da kalmar sirri, akwai sabon imel na makaranta wanda ba a taɓa gaya masa ya rinƙa dubawa ba alhali can ake aika masa duk wani abu mai muhimmanci, akwai takardar rigakafi, da shaidar zama a gari, da tallafin tarayya, da tallafin jiha wanda fom ɗinsa daban ne, da ganin mai ba da shawara, sannan zaɓen darussa. Kowane mataki da ofishinsa, kowane ofishi da wa'adinsa, kuma babu takarda guda da ta jera su duka daga farko zuwa ƙarshe.

Wata yarinya daga cikin biyar ɗin nan, na raka ta da kaina wata kwaleji da ba zan kama suna ba. Ta zo yin rajistar darussa sai shafin ya nuna mata an sa wa asusunta takunkumi, da wasu haruffa uku a gefe, ba bayani. Muka hau bene na biyu, aka ce ba nan ba ne, mu je ofishin kuɗi. Muka bi layi minti arba'in, aka duba aka ce ba a bin ta ko sisi, mu je ofishin lafiya. Muka isa ofishin lafiya ƙarfe biyar saura, mai tagar tana rufe labule. Mahaifiyar yarinyar tana tsaye a bayanmu riƙe da wata jakar leda da ta tara duk takardun gidansu a ciki, har da takardar haihuwar ƙannenta, don ba ta san wacce za a nema ba. Ranar ta ajiye aikinta, kuma mai aikin awa in bai je ba babu abin da ke shiga aljihunsa. Da muka fito ta dube ni ta ce, "Yaya, ko dai ba sa son ta ne suke jin nauyin faɗa mana?" Na rantse mata ba haka ba ne. Ba ta sake dawowa ba, yarinyar kuma yanzu tana aiki a wani kanti. Abin da ya hana ta shiga aji takarda ce guda ɗaya ta allurar ƙyanda.

Ku dubi wannan maganar ta rigakafi da kyau. Dokar jiha ce, ba ku kuka ƙirƙira ba: duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1957, in zai ɗauki kiredit 6 ko fiye, sai ya kawo shaidar kariya daga ƙyanda da hangum da rubela, ya kuma cike fom game da sanƙarau. Ba mu da ja da dokar, ni da kaina allura nake yi wa mutane. Sai dai yaron da aka yi wa rigakafi a asibitin sha-ka-tafi a Tessaoua ko a Tamale shekara 18 da suka wuce, katinsa ko ya ɓace a ƙaura ko yana ƙasan akwatin kakarsa. Gwajin jini yana wadatarwa a matsayin shaida, ana kuma iya sake allurar. Amma allurar ƙyanda biyu ake buƙata, da tazarar kusan wata guda a tsakani. Wanda aka gaya wa wannan a watan Afrilu ya huta. Wanda ya ji a makon rajista ya shiga uku.

Na biyu, takardun gida. Yaronmu da ya gama sakandare a Kano ko Kumasi sakamakon WAEC zai kawo, ɗan Najeriya wani lokaci NECO. Na Damagaram da Maraɗi da Yamai bakaloriya zai kawo, da Faransanci, sai an fassara. Har yau ban ga shafi guda da ya ce wa ɗan Nijar, a fili, ga takardar da muke karɓa, ga irin fassarar da muke amincewa da ita, ga tsawon lokacin da za mu ɗauka muna dubawa ba. Yaro ya biya a fassara masa, a ce ba irin wannan ba. Ya sake biya. Sannan ga matsalar suna, wadda mu a wurinmu ba matsala ba ce. Suna ɗaya ne ake rubuta shi Muhammadu a Najeriya, Mahamadou a Nijar, Mohammed a Ghana. Yusuf shi ne Issoufou. Da yawanmu sunan uba ne sunanmu na biyu, wasu sunan gari, kuma malamin firamare da jami'in fasfo ba lallai su jera su iri ɗaya ba. Mu rana muke fara rubutawa kafin wata, ku wata kuke farawa da shi, sai 3 ga Oktoba ta koma 10 ga Maris. Kwamfutarku tana ganin wannan sai ta ɗauka mutum biyu ne, ta buɗe fayil biyu, sakamakon jarrabawa ya tafi ɗaya, tallafi ya tafi ɗaya, yaro yana tsakiya ana ce masa takardunsa ba su cika ba. Ma'aikaci ɗaya da ya san Afirka ta Yamma zai warware wannan kafin shayi ya huce.

Na uku, shaidar zama a gari, wadda kuskure a kanta ke ninka kuɗin makaranta. A kwalejojin al'umma na CUNY mazaunin birni yana biyan dala 2,400 a zango, wato 4,800 a shekara. Wanda aka lissafa a matsayin baƙo yana biyan dala 320 kan kowane kiredit, ka ga in ya ɗauki 15 ya biya 4,800 a zango ɗaya. Sharaɗin shi ne wata 12 a jiha da wata 6 a birni. Yaranmu da yawa sun cika shi har sun wuce, amma da me za su nuna? Ɗaki ne a gidan kawu, takardar haya da sunan wani, kuɗin wuta da sunan wani. Kuma tun 2002 dokar jiha ta ce wanda ya yi shekara biyu a sakandaren New York ya gama, ko ya ci jarrabawar da ke madadin sakandare a jihar, in ya nemi shiga cikin shekara biyar, kuɗin ɗan gari zai biya ko da takardun zamansa ba su daidaita ba. Iyaye nawa ne a cikinmu suka san haka? Wani yaro ya buɗe shafinsa ya ga an rubuta masa kuɗin baƙo, ya nuna wa babansa, baban ya ce wannan ya fi ƙarfinmu, magana ta mutu a nan. Babu wanda ya rubuta a ƙarƙashin adadin cewa in kana ganin kuskure ne, ga fom, ga wanda za ka gani.

Yanzu na zo kan wanda ya fi ci mini rai, wato tallafin karatu, kuma ina roƙon ku yi haƙuri da ni in ɗan tsawaita. Fom ɗin FAFSA, wanda ake neman tallafin da shi, na gwamnatin tarayya ne, na sani. Na kuma san irin wahalar da kuka sha da shi lokacin da aka sabunta shi: fom ɗin da aka saba buɗewa ranar 1 ga Oktoba bai fito ba sai ƙarshen Disamban 2023, kuma yaran da iyayensu ba su da lambar soshiyal, wato lambar shaida ta gwamnatin Amurka, sun shafe watanni ba sa iya kammalawa. Yaranmu na cikin waɗanda abin ya fi buga. Amma ko da komai na tafiya daidai, akwai abin da fom ɗin bai sani ba, kuma ku ne kaɗai za ku iya cike wannan gurbin. Fom ɗin bai san riƙo ba.

A wurinmu yaro ya tashi a hannun baffansa ko gwaggonsa ba abin mamaki ba ne. Wanda ya ci da shi, ya tufatar da shi, ya kai shi asibiti shekara goma, shi ne uba a idon kowa. A idon FAFSA kuwa, ɗalibin da bai kai 24 ba, in ba aure ko 'ya'ya ko wani dalili na musamman, sai ya kawo bayanan iyayen da suka haife shi, kuma kawu ko kaka ba sa shiga lissafi sai in sun mai da yaron ɗansu ta hanyar kotu. Wannan kuwa abu ne da Musulmi da yawa ke gudu, saboda addini bai yarda a raba yaro da nasabarsa ba. To ga yaro a Bronx, mahaifinsa manomi ne a wani ƙauye kusa da Maraɗi, ba shi da imel, bai taɓa ganin takardar haraji ba, abin da ya samu a shekara damin gero ne da 'yan awaki. Fom yana so uban nan ya buɗe asusu a intanet, ya ba da izini, a juya abin da ya samu zuwa dala. Ana iya yi, mun taɓa yi, ta wayar wani maƙwabci da kiran WhatsApp uku. Sai dai yana bukatar wanda ya san kan abin ya zauna da yaron awa guda. Doka ta kuma ba jami'an tallafinku ikon duba yanayi na musamman ɗaya bayan ɗaya. Ba kowane yaro ne zai cancanta ba, amma ya kamata kowane yaro ya san akwai wannan ƙofar. Abin da muke gani shi ne yaro ya sa sunan kawunsa da zuciya ɗaya, daga baya a tsamo fayil ɗinsa don bincike, a aiko masa da wasiƙa mai kama da tuhuma, gida duka ya tsorata.

Tsoron nan na gaske ne. Gida ɗaya za ka tarar da ɗan ƙasa, da mai katin zama, da wanda maganarsa ke kotu. Uwa ba za ta sa sunanta a fom ɗin gwamnati ba sai ta san ina zai je. Akwai dokar FERPA ta 1974 da ke kare bayanan ɗalibi a hannun makaranta. Ku faɗa mana da bakinku, dalla-dalla, abin da kuke riƙewa da abin da ba ya hannunku, mu yanke shawara da ido buɗe. Shirunku jita-jita yake haifarwa.

Sannan maganar riba. Wani dattijo a masallacinmu, direban tasi ne fiye da shekara 20, ya zo mini da takardar tayin tallafi ta ɗansa a ninke huɗu cikin aljihun riga. Ya ce, "Hajiya, ni ban ci riba ba tun da na zo ƙasar nan, ba kuma zan sa ɗana ya fara rayuwa da ita ba." Na karɓa na duba. An jera tallafi da rance a teburi ɗaya, an haɗa jimla a ƙasa, kamar abu ɗaya ne. Na ɗauki biro na ja layi a tsakani. Na nuna masa Pell, tallafin tarayya, wanda ke kaiwa har dala 7,395 a shekara, da TAP na jiha, na ce waɗannan kyauta ne, ba a biya, muddin yaro bai watsar da karatu a tsakiyar zango ba. Na nuna masa rancen, na ce wannan shi ne mai kuɗin ruwa, kuma ba dole ba ne, ana ƙin karɓa. Kyautar kaɗai ta rufe kuɗin makarantar har da saura na littafi. Ya yi shiru, sannan ya ce ai da ya sani da babban yaron ma bai zauna ba. Babban yana tuƙi tare da shi shekara huɗu ke nan. Ku sani, a cikinmu akwai gidajen da suka cancanci TAP tun da aka ɗaga iyakar samun kuɗi zuwa dala 125,000 a 2024, akwai masu karatun rabin lokaci da aka faɗaɗa wa tallafin a 2022, akwai yaran da dokar DREAM ta jiha mai ɗauke da sunan Sanata José Peralta ta buɗe wa hanya tun 2019. Haƙƙinsu ne, yana ajiye, ba su sani ba.

Sauran koke-koken zan taƙaita. Mun ga yaron da ya yi karatunsa duka da Turanci a Ghana an tura shi gwajin masu koyon Turanci saboda ƙasar haihuwa, mun kuma ga ɗan Nijar mai ƙarfi a lissafi an bar shi ya shiga aji kai tsaye yana fama, alhali akwai shirin CLIP na koyon Turanci awa 25 a mako da ya fi dacewa da shi, ba wanda ya ambata masa. Ganawa da mai ba da shawara sau da yawa minti goma ce, a makon ƙarshe, lokacin da darussan safe da na yamma duk sun cika. Yarinya ta ce jinya take so, a rubuta mata darussa, ba a gaya mata cewa shiga sashen jinya gasa ce ta daban mai neman maki mai kyau a wasu darussa na musamman ba, sai ta ci shekara ta gane. Bitar sabbin ɗalibai kuma an taɓa sa wa yaranmu ita ranar Juma'a ƙarfe ɗaya, aka ce dole ce. Sashe na 224-a na dokar ilimi ta jiha ya kare ɗalibin da ya kasa yin rajista ko halartar aji ko jarrabawa a wata rana saboda addininsa. Yaro ɗan 18 da ya shigo jiya ba zai san wannan ba, ba kuma zai iya buɗe baki ya tambaya ba.

Abin da ya sa ban yanke ƙauna ba shi ne maganin yana gidanku. Shirin ASAP da CUNY ta fara a 2007 yana ba ɗalibi mai ba da shawara nasa na kansa wanda ya san sunansa, da katin shiga jirgi da bas, da taimakon littattafai, da cike giɓin kuɗin makaranta. Cibiyar bincike ta MDRC ta gwada shi ta hanyar ƙuri'a, ta gano kashi 40 cikin 100 na 'yan shirin sun kammala cikin shekara uku, a kan kashi 22 na waɗanda ba sa ciki. Har jihar Ohio ta kwaikwaya. Kwalejin Guttman, tun da ta buɗe a 2012, ba ta barin sabon ɗalibi ya faɗa aji sai ya bi ta shirin share hanya kafin zango. Kwalejin Hostos kuwa an kafa ta ne a 1968 saboda mutanen Puerto Rico da sauran masu jin Sifaniyanci a kudancin Bronx sun tsaya tsayin daka sun ce a yi musu makarantar da ta san harshensu da halinsu. Kun riga kun san cewa mutum ne ke riƙe ɗalibi. Matsalar ita ce mutumin yana jira a cikin gida, yaran kuma a zaure suke ɓacewa kafin su iso gare shi. ASAP ma sai mai karatun cikakken lokaci, ga kuma iyaye mata da direbobi da sabon shirin kyauta zai kwaso, waɗanda yawancinsu ba za su iya ajiye aiki ba.

Don haka ga roƙonmu, kai tsaye. Ranar da kuka aika wa ɗalibi saƙon an ɗauke shi, ku haɗa masa da sunan mutum ɗaya da lambar wayar da ake ɗauka, wanda zai bi shi har ranar da ya zauna a aji, wanda in yaro ya yi shiru mako biyu zai kira ya ce lafiya. Ba sai babban ma'aikaci ba. Ku ɗauki ɗalibanku na shekara ta biyu, 'ya'yanmu na cikinsu, ku horar da su ku biya su. Ku ba kowane ɗalibi takarda guda mai shafi ɗaya da ta jera matakai duka bi da bi, da wa'adin kowanne, rigakafi da shaidar zama a sama tunda su ke cin lokaci. Ku daina sa takunkumi ba bayani: duk inda kuka sa shi ku rubuta dalili da harshen da ɗan sakandare zai gane, da ɗakin da za a je, kuma abin da bai zama dole a doka ba kada ya hana rajista.

Muna roƙon a cikin Yuli da Agusta ku tara ofisoshin nan a zaure ɗaya, na kuɗi da na lafiya da na tallafi da na rajista, ko da sau biyu a mako, da yamma har ƙarfe takwas da kuma ranar Lahadi, mutum ya shigo ta wannan ƙofa ya fita ta waccan da jadawalinsa a hannu. Ku horar da aƙalla ma'aikaci ɗaya a kowace kwaleji kan takardun Afirka ta Yamma da yadda sunayenmu ke sauyawa, ku wallafa shafi ƙasa-ƙasa na abin da kuke karɓa. Ku raba kyauta da rance a takardar tayin tallafi, kowanne da akwatinsa, ku rubuta a kan rancen cewa ana biya da ruwa kuma ana iya ƙi. Duk wanda kuka rubuta wa kuɗin baƙo, ku sa masa hanyar ɗaukaka ƙara a wuri ɗaya da adadin.

Game da harshe, dokar birni ta 2017 ta wajabta wa hukumomin birni fassara zuwa harsuna goma. Akwai Faransanci da Larabci a ciki, amma babu Hausa, babu Fulatanci, babu Soninke ko Wolof ko Twi, duk da yawan masu jin su a Bronx. Ba ma neman ku buga littafi. Iyayenmu da yawa saurare suka fi yi a kan karatu, saƙon murya ne jaridarsu. Saƙon minti uku kan bambancin kyauta da rance, wani kan riƙo da FAFSA, wani kan rigakafi, ɗalibanku su ɗauka da muryarsu, ofishinku ya tantance ya sa hatimi, kafin la'asar ya zagaye duk zaurukan WhatsApp na unguwa.

Abu na ƙarshe da muke nema shi ne ku ƙirga. Kowace kwaleji ta fitar a fili, duk shekara, mutum nawa ta ɗauka, nawa suka zauna a aji, kuma a wane mataki sauran suka tsaya. Ku kira wasu daga cikinsu ku tambaye su.

Mu ma muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Akwai iyayen da ke ganin dalar yau ta fi takardar shekara biyu, akwai waɗanda ke jan ƙafa in 'ya mace ce. Wannan faɗan namu ne, muna yin sa a masallaci da wajen suna da biki, kuma limamanmu sun fara sa baki. Amma yana da wuya in shawo kan uba yau, gobe ɗansa ya dawo daga ofishi na uku hannu rabbana.

Ɗakin ƙasa na masallacinmu yana ɗaukar mutum 60, akwai kujeru, akwai intanet, akwai masu fassara Hausa da Zabarmanci da Faransanci waɗanda ba sa neman ko kwabo. Ku turo mana jami'in tallafi ɗaya da na ɗaukar ɗalibai ɗaya, Lahadi ɗaya a watan Oktoba da wata a Afrilu, mu za mu kawo iyayen. Yara biyar ɗin nan kuma har yanzu lambobinsu na wayata. Uku daga cikinsu sun ce in akwai wanda zai tsaya musu, za su sake gwadawa a zangon Janairu, kuma ina roƙon ku ba ni sunan wanda zan kai su wurinsa.

Na gode da sauraro. Allah ya yi muku jagora, ya sa albarka a aikinku.

Taku cikin girmamawa,
Wata uwa, tsohuwar ɗalibarku, a madadin iyaye masu jin Hausa na Bronx da Harlem